Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin jami'o'in Arewa kan makomar masu binciken gani da ƙwaƙwalwa

Zuwa ga iyayenmu shugabannin jami'o'in Arewacin Najeriya, da majalisun malamansu, da kwamitocin ƙarin girma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ina rubuto muku ne a madadin wasu 'ya'yanku da ba su da yawa, ba su kuma da wakili a zauren da kuke yanke hukunci. Su ne ƙananan malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku da suka zaɓi binciken yadda ƙwaƙwalwa take gani, take ganewa, take kuma tunawa. A warwatse muke. Wani yana sashen nazarin ƙirar jiki, wani a sashen nazarin aikin gaɓoɓi, wata a sashen awon ido, wani a ilimin halayyar ɗan Adam, akwai ma na sashen kwamfuta. Ni ɗaya ne daga cikinsu, shekarata ta shida ke nan ina koyarwa tun da na dawo daga karatu a waje.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a ƙarshen 2024 hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta sanar da dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, ta kafa hujja da tsadar canji da kuma yawan waɗanda ake turawa su ƙi dawowa. Ban zo jayayya da wannan hukunci ba. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya, ba zai ce hujjar ba ta da tushe ba. Sai dai hukuncin ya sauke wani kaya a ƙofarku. Daga yanzu, yaron da ke son zama masanin gani da ƙwaƙwalwa, in ba ya yi sa'ar tallafin wata ƙasa ba, a hannunku zai yi horonsa. Mu da muke ciki mun san gidan bai shirya karɓar wannan baƙo ba, kuma har yau ba mu ji an zauna a kan maganar ba.

Ku yi mini haƙuri in fara da wata yarinya, don da ita nake bayyana aikinmu ga duk wanda ya tambaye ni amfaninsa. Na gan ta a wani asibitin ido, shekarunta ba su wuce tara ba. An haife ta da yana a ido biyu, ba a kawo ta ba sai a lokacin. Likitan ya yi aikinsa tsaf, idon ya washe, haske yana shiga har ƙuryarsa. Bayan kwanaki mahaifiyarta ta tare ni a baranda, tana zaton ni ma likita ne, ta ce: "Likita, an ce an cire yanar, amma har yanzu sai ta shafa kofi take sanin kofi ne." Matar nan ta faɗi tambayar da fanninmu ya ginu a kanta. Ido yana karɓar haske ne, ya tura saƙo ta jijiyar gani mai zare kimanin miliyan ɗaya zuwa can ƙeyar ƙwaƙwalwa. A can ake haɗa layi da layi a fitar da siffa, a raba kofi da tebur, a gane fuskar uwa. Wannan aiki koyonsa ake yi, kuma akwai lokacinsa.

David Hubel da Torsten Wiesel ne suka fito da wannan fili. Sun fara aiki tare a jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka a ƙarshen shekarun 1950, suka koma Harvard, suna sauraren ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙwalwar kyanwa. Suka gano cewa kowace ƙwaya tana da irin layin da ke motsa ta, wata na tsaye, wata na kwance, wata na karkace. A farkon shekarun 1960 suka rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa na wasu watanni. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta ba ɗaya idon wurinsa. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga irin wannan aiki ne likitocin ido suka ƙara tabbatar da cewa jaririn da aka haifa da yana, a makonnin farko ake son yi masa aiki, yaro mai harara-garke kuma tun yana ƙarami ake rufe masa lafiyayyen idon don a tilasta wa ragon ya koyi gani. An ba su kyautar Nobel a 1981, bayan fiye da shekara ashirin da fara aikin. Ina roƙonku ku riƙe wannan adadin shekarun, zan dawo kansa.

Labarin bai tsaya nan ba. A Indiya, Pawan Sinha na jami'ar MIT ta Amurka ya kafa shirin Prakash, inda ake yi wa yaran da suka girma da yana aiki kyauta, sannan a bi su a ga me ƙwaƙwalwarsu za ta iya koya a makare. A 2011 suka ba da rahoton cewa yaron da aka buɗe wa ido ba ya iya gane abin da ya sani da hannu ta hanyar kallo kawai a kwanakin farko, amma cikin 'yan kwanaki yake fara haɗa su. Wato abin da uwar nan ta gani a ɗakinta, shi ne aka auna aka buga, duniya ta karanta. Ita kuwa yarinyarmu an sallame ta, ta koma ƙauye, ba wanda ya bi bayanta ya koya mata gani, balle ya rubuta abin da ya gani a kanta. Na so in yi. Ga abubuwan da suka hana ni, kuma su ne ke hana sauran 'yan'uwana.

Na farko lokaci. A zangon da ya wuce ina da kwas biyar, ɗaya daga ciki ɗalibansa sun haura ɗari shida, ga jami'in jarrabawa na sashe, ga ɗalibai goma sha huɗu masu aikin kammala digiri. Ba ƙorafin koyarwa nake yi ba, don ita na ɗauki albashi, kuma ina son ta. Amma awon gani aiki ne da ke son mutum ya zauna da wanda ake aunawa awa ɗaya ko biyu a ɗaki mai duhu, yau da gobe da jibi, mutum talatin ko arba'in, kafin a samu abin da za a kira sakamako. A tsarin da muke ciki, nauyin koyarwa ya fi sauka a kan mafi ƙanƙantar malami, wato wanda iliminsa ya fi zama sabo kuma hannunsa bai manta aikin ɗakin bincike ba. Shekara uku ta isa hannun ya mutu. Ku haɗa da watanni tara na yajin aikin 2020 da takwas na 2022, sannan da gudun da aka yi ta yi bayansu don a cike gurbi, zango na bin zango ba hutu, za ku gane yadda wanda ya dawo da ƙwarewa a 2019 ya zama mai maimaita tsohon littafi a yau.

Na biyu, kuma nan ne ya fi mini ciwo, shi ne yadda ake ƙirga aiki a wajen ƙarin girma. Kun fi ni sanin tsanin: daga mataimakin malami zuwa malami mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, farfesa, kowane mataki da adadin maƙalun da ake nema. Ba a tambayar me maƙalar ta gano, ana tambayar guda nawa ne. To duk mai hankali zai nemi binciken da ya fi saurin haihuwa. A fanninmu kowa ya san shi: a samo ganye, a jiƙa, a ɗura wa ɓeraye kwana ashirin da takwas, a yanka ƙwaƙwalwa, a rina, a ɗauki hoto, a buga. Wata mai zuwa a canza ganyen. Dakta Mahmoud Bukar Maina da abokan aikinsa sun bi diddigin maƙalun kimiyyar ƙwaƙwalwa da aka yi a Najeriya cikin fiye da shekara ashirin, daga 1996 zuwa 2017, suka tarar babban kaso a kan tsirran magani da ɓeraye ya tsaya, kuma kaɗan ne ƙwarai suka yi amfani da dabarun zamani. Ba na raina binciken ganye. Daga ganyen tazargade aka fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro da duniya ke dogaro da shi yanzu, har Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu Nobel a 2015. Amma ita shekaru ta yi a kan ganye ɗaya har ta kai ga ƙwayar maganin. Mu kuwa tsarin ƙirga ya koya mana taɓa ganye hamsin ba tare da mun kai ƙarshen ko ɗaya ba.

Na taɓa kai takarduna gaban wani kwamiti da maƙala uku. Ɗaya daga ciki ta ci mini shekara biyu da rabi, an buga ta a mujallar da masana fannin ke karantawa, an kuma mayar mini da ita sau biyu don gyara kafin a karɓa. Abokina da muka shiga tare yana da goma sha ɗaya, galibinsu a mujallun da ake biya ranar Litinin a ga maƙala ranar Juma'a. Shi ya wuce, ni aka ce in ƙara ƙoƙari. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali, ya karanta ƙa'ida ya bi ta. Amma ɗalibaina suna kallo, kuma sun ɗauki darasin. A wannan ma'auni, ranku ya daɗe, da Hubel da Wiesel a wajenmu suke, da sun daɗe a matakin malami mai daraja ta biyu.

Na uku kayan aiki. A nan ina so in kore wani zato. Da an ce binciken ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi kan babbar na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta maganaɗisu, mai cin biliyoyi da wutar da ba ta ɗaukewa, sai a ce ai wannan ba namu ba ne, a rufe fayil. Gaskiyar ita ce binciken gani yana cikin mafi arahar rassan wannan kimiyya. Ɗaki ɗaya da za a iya duhunta shi, kwamfuta da allon da aka daidaita haskensa, matokarin haɓa, na'urar bin motsin ido, hular auna wutar ƙwaƙwalwa, sai sola da batir. Manhajar da muke tsara gwaji da ita, PsychoPy, kyauta ce, wani malami a jami'ar Nottingham ta Ingila, Jonathan Peirce, ya rubuta ta. Duk wannan a haɗe bai kai kuɗin motar ofis ɗaya ta manya ba. Amma abin da muke gani shi ne dogon gini mai sabon fenti da allon suna a ƙofa, ciki kuwa tebura da ƙura. Inda aka sayi na'ura kuma, sau da yawa ba a tambayi mai amfani da ita ba, ba a horar da ma'aikacin da zai kula da ita ba, ba a ware ko sisi na gyara ba. Na san na'urar da ta shekara huɗu a cikin kwalinta saboda wata 'yar waya da ba a haɗo da ita ba.

Maganar wuta kuwa, ga wanda ke aikin ofis ɗaukewarta jinkiri ne, gare mu asara ce. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar awo, bayanan wannan mutum sun tafi, kuma ba za a sake masa gwajin ya zama kamar na farko ba, don ƙwaƙwalwarsa ta riga ta koyi abin. Wata ɗalibata ta rasa samfurin wata takwas a dare ɗaya da firiza ta narke ranar hutun ƙarshen mako. Ta yi kuka, ta share hawaye, ta koma kan ganye da ɓeraye.

Kar a ce ba zai yiwu a Arewa ba. A Damaturu, a jami'ar jihar Yobe, cibiyar BioRTC da aka buɗe a 2021 da goyon bayan gwamnatin jiha tana da na'urorin hangen ƙwayoyin halitta da manyan jami'o'i da yawa ba su da su, kuma matasa daga sassan Afirka suna zuwa horo a can. Ƙungiyar TReND in Africa tun 2011 take koya wa malaman nahiyar nan yadda za su yi bincike da ƙananan ƙudajen nan masu bin nunannen ayaba, waɗanda ciyar da dubbansu bai kai ciyar da ɓeraye goma ba, da yadda za su ƙera kayan aikinsu da kansu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Tom Baden, shi kansa masanin gani ne a jami'ar Sussex. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Na huɗu katangar da ke tsakanin jami'a da asibiti, da tsakanin sashe da sashe. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da tsohon asibitin ido na ECWA a Kano, da asibitocin koyarwa a Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos, da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Maiduguri da Kware. Marasa lafiya suna can, tambayoyin suna can, masu horon awo kuma muna nan, amma malamin da ba likita ba ne sai ya bi kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, ya sake bin na asibiti, ya nemi likitan da zai tsaya masa don Allah, tun da shi ma likitan ba a ƙirga masa wannan lokacin a ko'ina. Takardata ta neman izini kan yaran da aka yi wa aikin yana wata goma sha ɗaya ta yi tana yawo. Ɗalibin da ya so haɗa mai duba aiki daga sashen kwamfuta da wani daga sashen ido kuwa, sai a tambaye shi digirin na wane sashe ne, daga nan maganar ta mutu.

Sai maganar wanda ya gama digirin digirgir. A ƙasashen da fannin ya kafu, sabon dakta yana yin shekara biyu zuwa biyar yana bincike zalla a ƙarƙashin wani gwani kafin a ba shi ɗakin kansa da kuɗin fara aiki. A wajenmu wannan mataki kusan babu shi. Ranar da ka kare kundinka, washegari kai ne gwani, ga alli. Shi ya sa ba na saurin zagin wanda ya ƙi dawowa, ko da yake ban goyi bayan cin amanar yarjejeniya ba. Daga cikin mu biyar da muka san juna a waje muna wannan fanni, biyu ne muka dawo, ɗayan kuma yanzu yana neman hanyar komawa. 'Yan'uwanmu mata nasu ya ninka, don shekarun da ake son mutum ya kafa bincikensa su ne shekarun haihuwa da goyo, agogon ƙarin girma kuwa ba ya tsayawa.

Wani dattijo da nake girmamawa ya taɓa ce mini a wani zama: "Malam, wannan ai binciken masu ƙoshi ne. Mu da ke fama da zazzaɓi da yunwa, ina mu ina yadda ƙwaƙwalwa ke ganin layi?" Ban iya ba shi amsa a gaban mutane ba, bari in bayar a nan da ladabi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, mutum sama da miliyan ɗaya, Arewa maso Gabas ce kuma kan gaba da kashi 6.1, kuma fiye da kashi 80 na makantar abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Zazzaɓin da dattijon ya ambata, in ya taɓa ƙwaƙwalwa yana barin yaro da makantar da ba a ido take ba, ko da raunin riƙe karatu. A Malawi masu bincike suka gano cewa leƙa bayan idon yaron da ya suma yana nuna ko zazzaɓin ne ya taɓa ƙwaƙwalwarsa ko wani abu ne daban. Ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar nan duk shekara, kuma da yawansu jini yana toshewa a ƙwaƙwalwarsu shiru, ba shanyewar hannu ba ta ƙafa, sai dai a ga yaro ya koma baya a aji a ce daƙiƙi ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, waɗanda suka tsira kuma yau samari ne da 'yanmata, ɗauke da abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ga sanƙarau da ke zagayo mana duk bazara. Waɗannan duka tambayoyin gani da fahimta ne, kuma a ƙofar gidanmu suke.

Ko ma'aunin da za mu auna su da shi, aro ne. Gwajin Montreal da likitoci ke amfani da shi don gano mantuwar tsufa yana sa mutum ya zana akwati mai kusurwa da fuskar agogo, ya kuma faɗi sunan zaki da raƙumi da karkanda. Ku kawo tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba, wadda ke riƙe lissafin adashin mata arba'in a ka ba kuskure. Raƙumi za ta faɗa tun kafin a gama nuna mata, amma a zanen akwati za ta faɗi, takarda ta ce ƙwaƙwalwarta ta fara lalacewa. An taɓa ƙirgawa a 2008 aka ga kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun halayyar ɗan Adam daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya suke. Sai an zauna an gina ma'auni da Hausa da Fulatanci da Barbarci, an gwada shi a kan dubban mutanenmu, kuma wannan aikin shekaru ne da ba ya haifar maƙala goma sha ɗaya. An taɓa yin irinsa a ƙasar nan. Tun farkon shekarun 1990 marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da abokansa a Ibadan suka haɗa hannu da masu bincike na Indiyanafolis ta Amurka, suka yi ta bin tsofaffi shekara da shekaru, suka nuna cewa cutar mantuwa ta fi ƙaranci a tsakanin Yarabawan Ibadan fiye da baƙaƙen fatar Amurka. Har gobe ana ambaton aikin.

Akwai kuma tambayar da ni kaina ta fi hana ni barci, don ba inda ya fi mu dacewa da ita. Stanislas Dehaene na Faransa da abokansa sun nuna a 2010, da manya masu karatu da marasa karatu a Burazil da Fotugal, cewa koyon karatu yana sake fasalin wani yanki na ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwar gani. Ƙwaƙwalwa a ɗabi'arta ba ta damu da ko abu ya fuskanci dama ko hagu ba, kofi kofi ne ko ina hannunsa ya juya, shi ya sa yaro ke rikita b da d har sai karatu ya karya masa wannan ɗabi'a. To yaronmu fa? Da asuba yana gaban allo yana babbaƙu da farfaru daga dama zuwa hagu, a rubutun da ɗigo ɗaya a sama ko a ƙasa ke raba harafi da harafi. Da hantsi yana aji yana boko daga hagu zuwa dama, inda bayan b da d aka ƙara masa ɓ da ɗ. Miliyoyin yara ne ke wannan kai-komo kullum. Yaya idonsu ke tafiya a kan layi? Wanne ke taimakon wanne? Ga alarammomi da ke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka. Duk ɗakin binciken tunani a duniya zai so zama da irin waɗannan bayin Allah, mu kuwa da su muke sallar asuba. In ba mu yi ba, wani zai zo daga waje ya yi, a sa sunan ɗanmu a can ƙasan maƙala a matsayin wanda ya tattara bayanai. Wanda kuma ke ganin fannin baƙo ne a gidan Musulmi, ya tuna da Ibn al-Haisam ɗan Basara, wanda ya rubuta Kitab al-Manazir a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya kafa hujjar cewa haske ne ke shiga ido, kuma ganewa ba ta cika sai hankali ya kwatanta ya yi hukunci.

Don haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo, kuma mun zaɓi abin da ke cikin ikonku ba sai an jira Abuja ba.

Muna roƙon kwamitocin ƙarin girma su bai wa malami damar gabatar da maƙalunsa uku zuwa biyar mafi nauyi, a aika wa masana fannin na waje su karanta su faɗi darajarsu, a kuma daina ƙirga mujallun biya-a-buga kwata-kwata. A ƙirga gina ma'auni da harshen gida, da tara bayanan da wasu za su amfana da su, da ƙera kayan aiki, a matsayin aikin ilimi. Wannan ba ya cin ko kwabo, zama ɗaya na majalisa ya ishe shi, kuma in za ku ɗauki abu ɗaya tak daga wasiƙar nan, to shi muke so.

Muna roƙon duk malamin da ya kammala digirin digirgir, a gida ko a waje, a rage masa rabin nauyin koyarwa na shekara uku, a kuma ɗauke masa muƙaman sashe a tsawon lokacin, bisa sharaɗin ya kawo rahoto duk shekara, in bai yi komai ba a mayar masa da kayansa. Macen da ta haihu a tsayar mata da agogon na shekara guda.

Muna roƙon ɗakin binciken gani da fahimta guda ɗaya na haɗin gwiwa a kowace shiyya, ba sabon gini ba, ɗaki a cikin ginin da ke akwai, kusa da asibitin ido, da solarsa, da ma'aikacin fasaha na dindindin, da kuɗin gyara a cikin kasafin kowace shekara. Kafin a sayi ko da waya ce, a tambayi waɗanda za su yi aiki da ita. Jami'ar da ta karɓi baƙuncinsa ta buɗe ƙofa ga ɗaliban sauran.

Ku zauna da shugabannin asibitoci a yi yarjejeniya, izinin kwamitin ɗa'a ɗaya ya wadatar, a sa masa wa'adin kwana sittin, likitan da ya shiga bincike kuma a ƙirga masa. Makarantun gaba da digiri su halatta masu duba aiki daga sassa biyu, har da na uku daga waje ta intanet, domin 'yan'uwanmu da ke can da yawansu a shirye suke su duba ɗalibai ba tare da an biya su ba. Daga kuɗin da a da ake kashewa kan tura mutum ɗaya waje, ku nemi a ba ku guraben horo na shekara biyu bayan digirin digirgir, ko da biyu ne a kowace jami'a. Tallafin da malami ya samo da guminsa daga waje kuma, a sakar masa cikin wata guda, don mai ba da tallafi ba ya jiran fayil ya gama zagaye.

Mun rubuta jerin kayan ɗakin da farashinsu a shafi biyu, da daftarin gyaran ƙa'idar ƙarin girma a shafi ɗaya. Muna roƙon a sa mu cikin ajandar zaman majalisar malamai na gaba, a ba mu minti ashirin. Za mu zo da kwamfuta da matokarin haɓa, duk wanda ya yarda daga cikinku mu auna masa gani a nan take.

Allah ya ƙara girma, ya sa ku gama lafiya.

Naku cikin ladabi,
wani malami a madadin ƙananan malamai da ɗalibai masu binciken gani da ƙwaƙwalwa a jami'o'in Arewa.